Katakon Jamus a Bangon Kyauta

"Lafiya lau, amaryata. Yaya tsufa?"

"Wane tsufa? Ni da nake shirin canza miji?"

Shitu ke nan da kakarsa Kyauta, a tsakar gidansu na Dangora. Shekara uku ya yi a Jamus yana koyon sassaƙa zane a jikin katako, a shafa masa tawada a buga a takarda. Jibi za a baje aikinsa a Zariya, ga shi katakon da ya fi ji da shi ya yi ɓatan dabo tun jiya.

"Tsohuwa, ba ki ga wani katako mai layi-layi ba?"

"Wanda kamar kaji sun yi dambe a kansa?"

"Kaji? Dusar ƙanƙara ce take sauka a kan layin dogo! Turawa tsayawa suka yi cak suna kallo."

"Sanyi ne ya sandarar da su. Leƙa ɗakina."

Ya leƙa, sai ya dafe kai. An yi sabon yaɓe, kuma tun daga bakin ƙofa har bayan gado zanensa ne a danne cikin ɗanyar laka, reras. Kafin ya juyo, Kyauta ta jawo katakon, duk ya yi dumu-dumu, ta zauna a kai daram.

"Wata huɗu na yi ina sassaƙa shi!"

"Ni kuwa kafin azahar na buga arba'in. Wa ya fi iya aiki?"

"Yau na sake ki, saki uku!"

"Wa za ta kwashe ka, mai zanen da ba mutum ba, ba saniya ba?"

"Tashi in wanke kayana, kada laka ta bushe a ciki."

"Sai ka faɗi inda ka sato shi."

"Daga kaina ya fito!"

Ta miƙa hannu ta ɗauko wata tsohuwar ƙwarya, wadda yake shan fura a ciki yana yaro, ta kife ta a gabansa. Ga layukan nan biyu, ga ɗige-ɗigen, yadda ta zana su da wuƙa mai zafi tun ba a haife shi ba. Shitu ya dubi ƙwarya, ya dubi bango, ya sake duban ƙwarya.

"Ashe jirgi ka hau har Jamus don ka gano gindin ƙwaryata," in ji Kyauta.

Dariya ta ƙwace masa har da riƙe ciki. "Na mayar da aurena! A Zariya zan rubuta sunanki a ƙasan zanen."

Ta ɗaga, ta tura masa katakon, ta ɗora ƙwaryar a kai.

"A sama za ka rubuta, mijina. Ƙasan naka ne."