Yadda Aka Raya Hazaƙar Tabitha

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Gidauniyar Fitilar Gobe, uban yara masu hazaƙa na Mubi da kewayenta, mai hango basira tun tana bayan uwarta a goye.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata, har da farar motar gidauniya wadda yaran unguwarmu suka yi kewarta.

Ranka ya daɗe, ni ce Miriyamu Tizhe, tela a Yelwa, mahaifiyar Tabitha, yarinyar da hotonta yake kan allon ƙofar ofishinku. Na saurari jawabinka a rediyo a kan tarihi da cigaban ilimin yara masu hazaƙa, wanda ka yi don share fagen bikin cikar gidauniya shekara goma. Ka ɗauko zancen daga ƙasashen Turawa, ka biyo da shi ta Abuja, ka sauke shi a kan 'yata, ka ce ita ce 'ya'yan itacenku na farko. Tunda an saka ta cikin tarihi, na ga ya kamata in cike guraben da ƙarancin lokacin rediyo ya hana ka faɗa.

Na ɗaya. Ka ce gidauniya ce ta gano Tabitha. Ina neman afuwa, amma ba ta ɓace ba. Tana aji huɗu na firamare malamar lissafinsu, Malama Hussaina, ta lura cewa kafin ta gama rubuta tambaya a allo yarinyar ta riga ta faɗi amsa. Ita ce take zama da ita bayan an tashi, tana ba ta lissafin 'yan sakandare. Ita ce kuma, da zuciya ɗaya, ta kai sunanta ofishinku. Har yau idan muka haɗu a kasuwa sai ta ba ni haƙuri.

Na biyu. Jami'inku Malam Gabdo ya zo shagona ya zauna a kan bencin masu jiran ɗinki, ya ce, “Maman Tabitha, wannan yarinya ta fi ƙarfin aji. Ku ba mu ita, za mu nemo mata malamai na musamman.” Mahaifinta yana gona a lokacin, da ya dawo ya ji, sai da ya yi hawaye. Ranar Lahadi muka yi godiya a coci. Ina so in tambaya cikin ladabi, yallaɓai, malaman nan na musamman ta wace hanya suka biyo? Shekara huɗu Tabitha ta yi a hannunku. Ta sami riga ruwan ɗorawa mai tambarin fitila, ta sami hula, ta koyi riƙe makirufo da durƙusa wa manyan baƙi. Malami kuwa ko ɗaya ba ta gani ba.

Na uku. Ka yi maganar Cibiyar Masu Hazaƙa da kuka buɗe. Na je, na gani, kuma gaskiya an yi fenti mai kyau. Kwamfutocin suna nan lulluɓe da leda kamar kayan lefe. Da Tabitha ta nemi a kunna mata ɗaya, aka ce ta bari, baƙi za su zo daga Yola, kada su tarar an taɓa.

Na huɗu, kuma nan ne cigaban ya fi yawa. Aikin 'yata shi ne a ɗauke ta daga aji da safe, a kai ta inda ake taro. A tsayar da ita a kan dandali, babban baƙo ya faɗi lambobi masu tsawo, ta ninka su a ka, a yi tafi. An kai ta buɗe otal. An kai ta taron 'yan kasuwar hatsi. An kai ta ɗaurin auren 'yarka, Allah ya ba su zaman lafiya, inda aka saka ta tsakanin mai kiɗa da yanka kek. Idan na yi maganar darussan da take rasawa, sai Malam Gabdo ya yi dariya ya ce, “Haba Maman Tabitha, mai irin wannan kai me za ta yi da Turancin aji?” Wata rana a mota ta tambaye shi me ya sa ba a raba lamba da sifili. Ya ce mata wannan ba ya cikin tsarin taro.

Na biyar. Ranar jarrabawar shiga makarantar kwana ta masu hazaƙa, wadda Malama Hussaina ta daɗe tana shirya ta dominta, ita ce ranar da masu tallafa muku suka iso Mubi. Na ce jarrabawa za ta tafi. Kai da kanka ka kira ni a waya, karo na farko kuma na ƙarshe, ka ce in kwantar da hankalina, kun san kowa a can, za a yi mata tata jarrabawar daban. Baƙin sun ji daɗi ƙwarai, an ce har wata ta rungume ta. Ita jarrabawar daban ɗin, shin an yi ta ne ba a gaya mana ba?

Na shida. Yara suna girma, ranka ya daɗe, wannan laifin na amsa shi a madadinta. Da ta kai shekara goma sha uku ta yi tsawo, rigar ta ɗage, mamakin baƙi ya ragu. Sai Malam Gabdo ya ba ta shawara cewa idan an tambaye ta ta ce shekararta tara. A taron da ya biyo baya, wani babban mutum ya ba ta lambobi, ta tsaya ta dube shi, ta faɗi abin da ya fara zuwa bakinta. Ba amsar ba ce, ko kusa. Zauren ya ɗauki tafi. Kai ma ka miƙe tsaye, an ce har da cire hula.

Ta dawo gida da la'asar ta zauna kusa da keken ɗinkina, ba ta cire takalmi ba. Na ce, “Lafiya?” Ta ce, “Mama, ashe ba wanda yake dubawa. Tun da can ba wanda yake dubawa.” Ta cire rigar ta ninke ta, ta ce in mayar muku. Wannan yarinya da take ƙirga buhunan masara a kan babbar mota don nishaɗi, daga ranar ko canjin kuɗin zare aka tambaye ta sai ta ce ba ta sani ba. Wane babi ne wannan a tarihin naku? Ko shi ne abin da ka kira yaye ɗalibi?

Na bakwai. Da muka mayar da ita makaranta aka gwada ta, aka tarar ba ta iya rubuta sakin layi ɗaya na Turanci ba, ba ta san komai a kimiyya ba. Aka mayar da ita baya aji biyu, ta zauna da ƙannen ƙawayenta suna kiranta kalkuleta. Ta yi kuka, ta ƙi zuwa, mahaifinta ya riƙa raka ta har bakin ƙofa kafin ya wuce gona. Mun aika muku labari. Aka ce Shugaba yana wajen taro a kan makomar yara masu hazaƙa.

Yanzu tana babbar sakandare, a makarantar gwamnati ta kowa da kowa, mai tagogi babu gilashi. Malama Hussaina tana zuwa gidanmu ranar Asabar. A bana ne na sake jin Tabitha tana gardama da ita a kan wani lissafi, har da ɗaga murya, na bar ɗinki na shiga ɗaki don kada su ga fuskata. Ka ce a rediyo tana kan hanyar zuwa karatu ƙasar waje. Muna godiya da sanarwa. Mu dai hanyar da muka san tana bi ita ce ta Yelwa zuwa makaranta, a Keke Napep idan an samu, a ƙafa idan ba a samu ba.

Na ƙarshe. A makon jiya Malam Gabdo ya dawo shagona, ya yi ƙiba, ya kawo mana katin gayyata. Ya ce Tabitha za ta zauna a layin gaba a matsayin tsohuwar ɗaliba, ta miƙa makirufo ga sabuwar tauraruwarku, wata Khairat 'yar shekara takwas daga Wuro Patuji, mai haddace duk abin da aka karanta mata sau ɗaya. Na ji daɗin wannan labari har na rufe shago na hau keke zuwa Wuro Patuji don in taya iyayenta murna. Na sami mahaifiyarta Laraba tana tsince wake. Na gaishe ta, na ce, “Maman Khairat, ni ce uwar wadda ta riga taki.” Ta shimfiɗa mini tabarma. Ban ƙara komai ba, ban rage komai ba, tarihi kawai na ba ta, daga na ɗaya zuwa na bakwai. Ta kira maigidanta Murtala, ta ce in sake daga farko. Da na gama, sai ya tambayi ranar bikin. Na ce masa ranar Laraba ce. Ya ce, “Ai ranar makaranta ce.”

Saboda haka, ranka ya daɗe, iyayen biyu sun ɗora mini nauyin isar da uzuri cikin girmamawa. Muna yi wa gidauniya fatan biki lafiya, da shinkafa isasshiya, da wutar lantarki har a tashi. Khairat ba za ta sami zuwa ba, Tabitha ma haka. Suna aji.

Taka mai biyayya, mai durƙusawa har ƙasa,

Miriyamu Tizhe
Shagon ɗinki, Yelwa, Mubi