Ƙafar Tanko Ta Shiga Kwamfuta

Jama'a, jiya Laraba da idona na ga dattijo ɗan shekara hamsin da bakwai ya tuɓe takalmi a ofis ya ɗora ƙafarsa a kan tebur, kuma babu wanda ya tsawata masa. Ni ne ma na riƙe masa ƙugu kada ya faɗi. Kafin ku ce tsufa ya fara taɓa ni, ku tsaya ku ji yadda aka yi.

Dattijon maƙwabcina ne, Tanko, mutumin kudancin Kaduna. Katangarmu ɗaya a Dorayi yau shekara goma sha tara. Shekararsa ashirin da uku yana aiki a wani kamfanin jimar fata a Challawa, kullum hannu cikin ruwan kemikal. In ka ga tafin hannunsa sai ka kau da kai: ya tsattsage, ya yi fari fat, wani lokaci har da jini. Maɓallin riga ma matarsa Maryamu ce ke saka masa. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ranar da aka kawo masa jikarsa sabuwar haihuwa. Ya miƙa hannu zai karɓe ta, sai ya dubi hannun ya janye, ya ce kada ya karce ta.

Ana nan sai manyanmu, Allah ya ƙara musu lafiya da kujeru masu juyawa, suka tuna da irin su Tanko. Aka kafa wani kwamiti mai dogon suna, aka yi shela cewa duk leburan da kemikal ya ci wa hannu a Sharada da Challawa da Bompai ya zo a saka sunansa a kwamfuta, a ba shi kati, ya ga likitan fata, a haɗa masa da safar hannu. Ranar Alhamis za a rufe. Na ce kai, ashe ana tunawa da talaka! Har na yi niyyar hutar da bakina na mako guda.

Sau uku Tanko yana zuwa yana dawowa hannu rabbana. Jiya na ce zan raka shi, tunda bakina ya fi nasa kaifi.

Muna shiga na ga an kafe wani ƙaton allo a bango, kore shar, sai sheƙi yake. Aka ce shi ne allon sa ido, shi ke nuna lafiyar aikin gaba ɗaya, kuma Mai Girma Babban Jagoran Tausayin Lebura yana kallonsa ta wayarsa ko ina yake. A ƙarƙashin allon ga layin lebura har waje, duk fuska a murtuke. Mai kula da kwamfutar wata matashiya ce, Saudat, mai ladabi, amma da ganinta ka san ta gaji.

"Baba, ɗora babban yatsanka a kan gilashin nan," in ji ta.

Tanko ya ɗora. Na'ura ta yi shiru kamar an ɗora mata dankali. Ya hura wa yatsan iska, ya goga a goshi, ya gwada na hagu, ya bi duk goman ɗaya bayan ɗaya. Aka kashe kwamfuta aka kunna, wanda na lura shi ne rubutun sha na masu wannan sana'a. Babu labari.

Saudat ta ce, "Baba, zanen yatsunka ya goge, kemikal ya cinye shi. Shi kuma rumbun bayanan ba ya karɓar suna sai da zanen yatsa. In babu, sai ya tofar da mutum."

Na gyara tsayuwa na ce, "'Yata, bari in fahimta. Don waɗanda kemikal ya ci wa hannu aka yi wannan rajista?"

"Haka ne, Malam."

"Kuma duk wanda kemikal ya ci wa hannu ba ya shiga?"

"Haka ne."

"To su wa suka shiga?"

Ta ɗan duba. "Masu gadi, da direbobi, da akawuna. Sai wani mai shayi na bakin get."

Allahu akbar! Irin wannan basira ba a kasuwa ake sayenta ba, sai an zauna taro a otal.

Na nuna mata allon na ce, to shi wannan koren na murnar me yake yi? Ta sassauta murya. Ashe da farko aikinsa yake tsakani da Allah: duk wanda rumbu ya tofar, allo ya yi ja, ƙararrawa ta buga, saƙo ya faɗa wayar Mai Girma. Ranar farko wayar ta yi kuka sau ɗari huɗu da ɗoriya, har bawan Allah ya kasa cin abincin rana. Ya kira ɗan kwangilar da ya kafa allon ya ce a gyara masa wannan fitina. Ɗan kwangila ya gyara kuwa. Ya saita allon yadda ba zai sake yin ja ba sai an kori mutum dubu hamsin a yini ɗaya. Tun daga ranar aka samu zaman lafiya.

"Gyaran gaskiya ba shi da wuya," in ji Saudat. "Akwai wani ɗan gurbi a saitin, in na cire masa alama, hoton mutum ya wadatar. Minti biyu ne."

Na ce, "To bisimilla mana!"

"Lambar sirrin tana wurin oga."

Shi kuwa oga, don tsananin tsaro, ya rubuta ta a takarda ya saka a aljihun babbar riga, rigar ta tafi wurin mai wanki da guga. An riga an kafa ƙaramin kwamiti ya bi sawun mai wankin, zai kawo rahoto nan da mako biyu. Rajista kuwa yau Alhamis za a rufe ta.

Ina cikin haɗa zagin da zai yi kama da addu'a, sai Tanko ya taɓa ni. "Malam Abdulbaqi, ai ni ƙafata ba ta taɓa shiga kemikal ba. Takalmin roba suna ba mu. Safar hannu ce ba sa bayarwa."

Saudat ta dube shi, ta dubi ƙofa, ta ce, "Ita dai na'ura ba ta san hannu da ƙafa ba."

Dabara ta rage wa mai shiga rijiya. Na ce a sauko da na'urar ƙasa, aka ce an ɗaure ta da kaca a jikin tebur saboda ɓarayi. To ka ji yadda ƙafa ta hau tebur. Na tallafe shi, ya ɗaga, ya dangwala babban yatsan. Nan take na'ura ta yi fito, sunan Tanko ya faɗa rumbu. Layi ya kaure da tafi, kowa ya duƙa yana cire takalmi. Ba zan ba ku labarin iskar da ta cika ɗakin ba, tagogi dai duk Saudat ta buɗe su.

Kati ya fito. Safar hannu, da yake da faɗin yatsa ake aunawa, aka ba shi wadda za ta shiga hannun ƙaton raƙumi da yana da hannu. Sai na kai idona layin ƙasa, wurin ganin likita. An rubuta: ba ya buƙata. Ashe rumbun da kyan zanen yatsa yake gane lafiyar hannu, kuma na Tanko ya fito raɗau, maki casa'in da takwas. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Tanko ya daɗe yana kallon katin da ba ya iya riƙewa sosai, ni kuwa wallahi sai da na ji ƙwalla.

Ana haka sai ga jiniya. Mai Girma ne da kansa, ya ga adadi yana ta hawa a wayarsa, ya taho da masu ɗaukar hoto. Ya yi jawabi cewa bincike na zamani ya tabbatar ba a sami lebura ko ɗaya mai ciwon hannu ba. Ya nemi dattijo ɗaya a yi hoton musabaha, aka tura masa Tanko. Hannu na haɗuwa ya zabura.

"Subhanallahi! Baba, me ya sami hannunka haka?"

Tanko ya ce, "Ranka ya daɗe, lafiyarsa ƙalau. Duba allo."

Mai Girma ya ɗaga kai, ya ga kore shar. Ya sauke ajiyar zuciya ya ce alhamdulillahi, ya zaro hankici ya goge tafinsa.

Da la'asar na leƙa gidan Tanko. Na tarar da shi a kan tabarma, ya zura safar nan har gwiwar hannu, ya rungume jikarsa a karon farko, Maryamu tana gefe tana dariya tana share ido. Ya ce, "Malam, ka ga dai ba a yi zuwan banza ba."

Ku dai masu zuwa yau kafin a rufe, don Allah ku wanke ƙafa, ita ce kaɗai hukuma ta sani a jikinku.