Sa da Maraƙi a Garma Ɗaya

Ni na kashe laftof ɗin marigayi Baba, kuma sai da na yi bisimilla.

A cikinta karatunsa na Alƙur'ani da aka naɗa yake, wanda Inna ke saurare duk Juma'a bayan la'asar. Da ta fara nauyi, na ce ram zan ƙara mata, wato ɗan allon da ke ba kwamfuta ƙarfin aiki, ta yi sauri. Na cikinta mai giga huɗu ne, na sayo mai takwas a Kano, na baje tabarma a ƙofar gidanmu a Tsanyawa, na kwance ta don in haɗa shi da tsohon.

Yaya Sani ya leƙo ya ce, "Sa da maraƙi za ka ɗaura wa garma ɗaya?"

Na ce, "Yaya, wannan ilimi ne, ba huɗa ba."

Sabon ya ƙi zama, na danna shi yadda ake cusa ruwan fartanya a ƙota. Wani abu ya ce ƙas. Tun ranar ba mu sake jin muryar Baba ba.

Inna ba ta yi faɗa ba. Sai dai duk Juma'a takan miƙo min Alƙur'aninsa ta ce, "Injiniya, zauna ka karanta mana. Tunda babu san, maraƙin ya ja."