Rawanin da Ranka-ya-daɗe Ya Ce a Wanke

Tun kafin in ga Dakta Vasudha na sha labarinta. Pauline, 'yar Filato da muke gadi tare a wani gidan tarihi a nan Washington, ta ce Ba'indiyar takan wuni gaban ƙyalle ɗaya kamar mai zaman makoki. Dabo, maƙwabcina a Landover, ya ce, "Wai ɗaukar nauyinta aka yi wata tara, ta zo binciken rinin baba. Namu rinin fa, Malam!"

Abin da ya tsaya mata wani tsohon rawani ne ɗan Kura. So take ta san yadda aka yi yake ƙyalli, don saura mako biyu a buga takardar bayaninsa, in ba a samu amsa ba sai a rubuta "ba a sani ba". Ta tambaye ni. Na ce ni mai gadi ne kawai. Sai da na haura arba'in na koyi karatu, kuma abin da na fara ƙwarewa a kai shi ne ɓoye cewa ubana mabugi ne, mai bugun rinannen yadi, hannunsa shuɗi har ya koma ga Allah.

Ta ce ba komai, ai an gayyato masaniya daga ƙasarmu.

Allah ya ƙara wa manyanmu basira. Gurbin mutum ɗaya aka aika, suka ga bai kyautu ilimi ya hau jirgi shi kaɗai ba, suka zo su goma sha ɗaya. Ga Ranka-ya-daɗe shugaban tawagar, ga mai riƙe masa waya, ga ƙanin matarsa. Rumasa'u kuwa, masaniyar da sunanta ke kan takardar gayyata, tana can gida tana jiran sa hannu. Kwana biyar suka yi suna binciken tarihi a kantunan Gaithersburg, rana ta shida suka ba mu minti ashirin.

Ranka-ya-daɗe ya damƙi rawanin ba safar hannu, ya duba yatsunsa.

"Subhanallahi, zuba yake yi! A wanke shi mana kafin a nuna wa Turawa. Wannan ai abin kunya ne."

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe," in ji ƙanin matar.

A wanke! Shunin da ake barbaɗawa a kan gungume, a wuni ana dukansa da gudumar itace har ya shige zare! Wannan zubar ita ce ƙyallin, ita ce kuɗin rawanin. Aka ɗauki hoto, suka fita da ledojinsu.

Dakta ta rufe littafinta ta ajiye biro. Na duba na ga abin kunyar da mai girma ya faɗa da baki, ni shekara da shekaru nake faɗarsa da shiru, kuma ko kuɗin otal ba a taɓa biya mini ba.

Na cire hular gadi na matsa kusa.

"Dakta, ki yi haƙuri, ƙarya na yi miki. Ubana wannan aikin ya yi. Buɗe littafinki."