Yadda Za Ka Tsare Aikinka da Ɗan Yatsa Ɗaya

Kai sabon ma'aikaci da ke zaman gwaji a ɗakin haɗa kayan rediyo, an ce ka haɗa osileta, wato 'yar da'irar nan mai fitar da sigina mai saurin gaske, kuma a same ta tsaf ba hayaniya. Idan ta yi kyau a tabbatar da kai, idan ta ƙi ka koma gida. Bi matakan nan, na yi maka alkawari aiki ya zama naka.

1. Gano wurin albarka. Ka gajarta wayoyi, ka tace wuta, ka canja kafasita, 'yar abar nan mai tara wuta, amma layin da ke allon gwaji yana nan yana rawa kamar mai jin sanyi. Rannan ka dafa gefen naɗin waya bisa kuskure, sai layi ya miƙe sumul. Ka ɗaga yatsa, ya koma hauka. Kada ka tambayi dalili. Masu neman dalili ne ke kwana a wurin aiki.

2. Koyi tsayuwa. Jingina da tebur, yatsan hagu a wurin, fuska kamar mai zurfin tunani. Ka gwada a gida da murfin tukunya. Idan uwargida ta ce, "Maigida, lafiya kuwa?" ce mata bincike ne.

3. Toshe bakin abokin tebur. Zai leƙo ya ce, "Malam, ai jikinka ne ya zama kafasita, saka ta gaske mana." Saya masa shayi. Mai kurɓa ba ya bayani.

4. Ranar gwaji. Babbar riga mai faɗin hannu, ba atishawa, ba susa. Idan Oga ya ce, "Matsa in gani," ce masa, "Ranka ya daɗe, daga nan hasken ya fi kyau."

5. Karɓi nasara. Oga zai dubi layi, ya washe baki, ya ce, "Madalla, yaro, mun ɗauke ka!" Sannan ya miƙo maka hannu. Kai kuwa da tarbiyyarka, ka san babba da hannu biyu ake gaishe shi.

Abin da allon zai nuna daga nan, babu ruwana. Ni yatsa na koya maka, ladabi kuwa daga gida ka zo da shi.