Sai Da Waya Ake Samun Waya

Jama'a, yau da safe na tsaya gaban wata Madam a ofishin ɗakunan ɗalibai na birnin Lyon, ta ce in karanto mata lambobi shida da ta turo mani a waya. Na ciro salulata na ajiye a kan teburinta. Kwananta tara ke nan ba ta da aiki sai nuna lokaci, shi ma na Damagaram take nunawa.

Kafin mu baro gida, Mai Girma Shugaban Kwamitin Tarbar Ɗalibai, Allah ya ƙara masa kwamiti, ya tara mu a wani babban otel. Aka ci kaji, aka sha lemo, ya yi jawabin awa biyu. Ya ce kowannenmu da ya sauka Paris za a miƙa masa puce, wato layin waya, tun bai ɗauki akwatinsa ba. Na sauka, na duba gabas na duba yamma. Wanda na gani shi ne Kawu Moutari, ƙanen mahaifiyata, yana hamma. Amma kada in ci amanar Mai Girma: an ba mu kalanda mai hotonsa a kowane wata, kuma takardar tana da kauri.

Kawu a Sevran yake zaune, a gefen Paris, yana aikin sauke kaya a kasuwar Rungis, sai gari ya waye yake dawowa ya kwanta. Ya ce, "Ilya, ɗan nan, jeka kantin waya, abin minti goma ne."

Na je. Wani Mushe, wato Bature ma'aikacin kantin, ya yi murmushi ya ce bismilla, sai dai in kawo lambar asusun banki. Na tafi banki. Suka ce marhaba, in kawo lambar wayar ƙasar nan da takardar shaidar inda nake kwana. Na ce ɗakina yana Lyon. Na rubuta wa masu ɗakin, suka amsa cewa ɗaki nawa ne, amma sai na tabbatar da shi da lambobin da za su turo a wayata kafin a rufe ofis ranar Juma'a, in ba haka ba su ba na bayana. Gaba damisa, baya siyaki. Kuma ku yaba wa mutanen nan, ko a wuri ɗaya ba a ɗaga mani murya ba. Da "désolé, Monsieur", wato "yi haƙuri, Malam", suka yi ta kora ta, har na fara jin kamar ni ne ya kamata in ba su haƙuri.

Kawu ya ce dabara ta fi ƙarfi, in rubuta lambarsa a dosiye, wato takardun neman ɗakin. Na rubuta, na hau jirgin ƙasa na zo Lyon. To lambobin Madam minti biyar suke rayuwa, Kawu kuwa in ya kwanta sai La'asar. Sau uku tana turawa, sau uku suna mutuwa a ƙarƙashin matashin kansa a Sevran. Na roƙe ta ta kira shi da wayar ofis. Ta ce doka ba ta yarda ba. Na ce to ta dube ni, ga ni ga fasfo, ga fuskata irin ta cikin hoton. Ta ce ita ta yarda ni ne, na'ura ce ba ta yarda ba. Ta ce ƙarfe huɗu suke rufewa, kuma yau ce Juma'ar.

Na fito da akwati ina ja, ban san inda zan kwana ba. Yunwa ta kai ni unguwar La Guillotière, na ji Hausa tana fitowa daga wani shagon atamfa da turare. Mai shagon, Hajiya Zuhura, 'yar garin Tawa ce, shekararta ashirin a nan. Muka gaisa har ta tambayi gajiyar hanya da mutanen gida, sannan na zazzage mata komai.

Ta ce, "Kai karatun mi ka zo yi?"

Na ce, "Injiniyan sadarwa, Hajiya."

Ta yi dariya har ta dafa kanta. Ta ce, "To injiniya, ka ga shagon taba can, mai jan allo? Shiga da fasfonka, ka ce puce kake so wadda ake sa ma kuɗi kafin a kira. Babu banki, babu randebu, wato jiran a sa maka rana. Ka yi rajistarta da fasfon, shi ke nan."

Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Irin wannan shagon na wuce ya fi talatin tun daga Sevran. Na shiga na fito da puce a hannu: minti bakwai, na duba agogo. Na koma da gudu wajen Madam saura kwata ƙarfe huɗu, ta canza lambar, salula ta yi ƙara, na karanto lambobi shida kamar mai biya hadda. Ta miƙo mabuɗi. Na tambaye ta don me ba wanda ya faɗa mani hanyar nan tun farko. Ta ce ai an rubuta a shafinsu na intanet, da na duba a wayata.

Da na shiga ɗaki na kira Inna, wadda kwana tara ba ta ji muryata ba sai saƙo ta bakin Kawu. Ta ƙi ɗauka. Na sake, ta ƙi. A na huɗu ƙanwata Fiddausi ta ɗauka, na ji Inna daga gefe tana cewa, "Kashe, 'yan damfara ne, an ce kada a ɗauki baƙuwar lamba."

Na ce, "Inna, ni ne Ilya."

Ta karɓi wayar ta ce, "Kowa ma haka yake cewa. In kai ne, wane kwano ka fasa mani ranar sunan ƙanenka Salihu?"

Na faɗa, har da dukan da na sha. Sai ta ce, "Ɗan nan, ka ci abinci kuwa?"

Masu girma na nan da na can, in kuna neman wanda zai riƙe muku ofishin tantance mutane, ina da tsohuwa a Damagaram. Tambaya ɗaya take yi, kuma ba ta rufewa ƙarfe huɗu.