Ranar da Gwaggo Ɗelu Ta Zama Kaza

Ranar Laraba da la'asar labari ya cika Madarunfa cewa Gwaggo Ɗelu ta rikiɗa ta zama kaza. Masu dawowa daga bakin tabki suka ce da idonsu suka gani: da sassafe tsohuwa ta hau bayan moton Kanta, wato babur ɗinsa, da mayafinta da carbinta, da la'asar moto ya dawo da kaza wake-wake a zaune daidai inda ta zauna. Wata ma ta rantse har hararar tasu iri ɗaya ce.

To ƙarya ce, jama'a, kowa ya kwantar da hankalinsa. Kazar nan kaza ce tun daga ƙwai. Sai dai gaskiyar ma ba ta fi ƙaryar daɗin ji ba: Kanta ya fita da yayar ubansa, ya dawo babu ita.

Abin da ya fitar da su kuwa, Rashida ce ta haihu, jikar tsohuwa, gobe suna. Gwaggo Ɗelu ta ce ita ba za a gayyaci danginta ta salula ba kamar masu kiran mai gyaran famfo. Da ƙafarta za ta kai goron suna Gabi da Sarkin Yamma da Safo. Ɗiyarta Salamatu, uwar mai jego, ta yi magiya har ta gaji, sannan ta damƙa ta a hannun Kanta. Su biyun taubasai ne, shi ɗan namiji, ita ɗiyar mace, tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da an ci mutuncin wani ba.

Salamatu ta fito ƙofar gida da muciya a hannu, ta dubi moto, ta dubi buhun da ke ɗaure a baya, ta dubi kazar da ke bisa buhun.

"...Lafiya lau, baiwata, gajiya ta bi lafiya," in ji Kanta, alhali ba wanda ya gaishe shi. "Haka ake tarbar ubangida? Ba ruwa, ba tabarma?"

"Ina Inna?"

"Ke dai ba ki da tarbiyya. Da can ɗiyar mace sai ta durƙusa take yi wa ɗan namiji magana."

"Bawa dai. Kakanka ma da goro biyu aka saye shi, aka yi kukan tsada."

"Kakan nawa ai shi ne naki."

"Ta wajenku ya lalace. Kanta, ina uwata?"

Kanta ya cire hula ya share goshi. Salamatu ta lura zufa ke tsattsafo mashi, kuma idonsa na ta komawa kan hanyar da ya biyo.

"Ai magana ba a kama ta daga wutsiya. Bari in ɗauko maki daga Gabi. Ke da ba ki taɓa wuce tashar Maradi ba, yau za ki yi tafiya da kunne. Gabi, Salamatu! In Allah ya ba ki ikon zuwa gari ɗaya kafin ki mutu, ki je Gabi. Samari duk sun tafi ci-rani Nijeriya, sun bar tsofaffi da bokitai masu launi. Kowane gida rediyo uku, kowace na faɗin nata. Tuwon dawar da aka kawo mana, na ci malmala bakwai, ta takwas ta roƙe ni arziki na ƙyale ta."

"Gabi ka baro ta?" in ji Salamatu. "Kanta, ka san hanyar nan ba a bin ta in rana ta yi sanyi."

"Shi ya sa muka fara da can tun hantsi bai ɗaga ba. Ta ba da goro, ta sha kuka da ƙawayenta, aka zuba mata wake tiya biyar. Kin san ba a sallamar mai goron suna hannu wofi. Da ita muka fito, har tana ce mani in rage gudu."

"Sai ina?"

"Sai Sarkin Yamma. Kai! Na janye maganata, in gari ɗaya ne ki je Sarkin Yamma. Dawarsu sai an kafa tsani ake yanko zangarniya. Akwai wata tsamiya, in kika kwanta gindinta iska ta buge ki, sai kin manta sunan mijinki."

"Kai da ka manta da mutum sukutum, me zai ba ka mamaki? Wuce tsamiyar!"

"Can aka ƙara mata gyaɗa da kabewa. Kabewar nan mutum uku suka ɗora ta."

"Ga ta nan ina gani, ba ta kai kanka ba. Kuma ta fi shi abin amfani a ciki."

"Wanda bai taɓa fita ba shi ke cewa miyar uwarsa ta fi ta kowa."

"Ni uwar nake nema, ba miyar ba!"

Ta jefar da muciya, ta zaro salula daga ƙugu, ta kira lambar tsohuwa. Sai ga kiɗa na tashi daga aljihun rigar Kanta.

Suka dubi juna.

"Ta ba ni ajiya," ya ce a hankali. "Wai tana sa mata ƙaiƙayi."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tsohuwa mai hawan jini, ba salula, ba maganinta, rana na faɗuwa. Gobe wa zai riƙe jariri in wanzami ya zo aski? Me zan ce wa Rashida, jego ɗanye?"

"Saura Safo, ai ban gama ba. Safo, baiwata! Ki manta da waɗancan biyun. Jakin Safo ya fi direban Maradi sanin hanya, mai amalanke barci yake yi, jaki ya kai shi gona ya dawo da shi. Furar da aka dama mana gidan Bushira, ɗiyar ƙawar Gwaggo, ludayi tsayawa ya yi cikinta ƙyam kamar soja. Nan aka ba ta wagga kaza."

"Ka gan ta ta hau moto a Safo?"

"Na ji ta."

"Na ce ka gan ta?"

"Mutum na tuƙi da ƙeya ne? Ina zaune bisa moto ina ba mutanen Safo labari, na ji baya ya nutse, na ce bismillahi na tayar. Nauyinta ne sak, na san shi tun safe."

"Ta yi maka magana a hanya?"

"A'a. Na ɗauka labarina ne ya yi mata daɗi."

"Inna? Inna da ko cikin barci faɗa take da awaki, ita ce za ta yi shiru daga Safo har Madarunfa?"

Wasan ya fara zubewa daga fuskar Kanta.

"Gaskiya dai... wajen yashin gulbi moto ya yi tsalle sau biyu."

Salamatu ta dafa bango. Nan take ta hango tsohuwa kwance cikin yashi, mayafi gefe, carbi gefe, ba mai wucewa sai shanu.

"Ka yar mani da uwa a gulbi."

"Wallahi ban yar ba! Bayan gulbin ma tana nan. Ke kin san halinta, in na ƙara wuta sai ta zungure ni a haƙarƙari. To har bakin garin nan ana zungurina. Ko a gaban alƙali zan dafa."

Ya jingina da moto don ya nuna mata wurin. Kaza ta miƙo wuya ta sakar mashi baki daidai haƙarƙarin.

"Wayyo! Yi haƙuri, Gwag..."

Ya waiwaya. Kaza ta dube shi da ido ɗaya.

Da a wata rana ce, da Salamatu ta yi dariya har ta faɗi. Yau ko murmushi bai zo ba. Ta ture shi gefe ta matsa kusa da moto. Buhun wake da gyaɗa na kwance bisa mazaunin baya, ya cinye shi kaf, kabewa a gefe, ko allura ba ta da wurin zama. Ta bi igiyar da yatsa har ta kai ga ƙulli. Ƙulli biyu ne a jere, da ɗan wutsiya an sake cusa shi ƙasa. Shekara arba'in tana kwance irinsa a wuyan awakin gidansu.

"Wanga ƙulli na Inna ne," ta ce. "Ba mai yin shi sai ita. Kuma mutum ba ya ɗaure kaya bisa wurin da zai zauna. Tana tsaye a ƙasa ta ɗaure shi. Ba ta hau ba sam."

"Kin gani! Na ce maki ban yar da ita ba."

"Rufe mani baki. Rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami, kai kuma rashin waiwaye ya sa ka yi wa kaza hira tun daga Safo."

Ta nemo lambar Bushira. Rezo, wato sabis ɗin waya, ya ƙi. Ta koma tsakar gida, ya ƙi. Ta kife turmi ta hau bisa, ta ɗaga hannu sama kamar mai kiran ruwa, Kanta na riƙe da turmin yana karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa. A kira na huɗu aka ɗauka. Kafin Salamatu ta gama sallama, sai ga wata murya ta ƙwace salular, muryar da ba ta buƙatar rezo.

"Salamatu ce? Wancan mai bakin ganga ya iso da kayana? Sau uku na ce mashi wuri ya ƙare, ya kai kaya ya dawo ya ɗauke ni. Yana ta ce mani to, to, yana can yana gaya wa mutane wai kifin tabkinmu ya taɓa haɗiye kwalekwale da masunci. Ki duba mani kazata, in ta rasa gashi ɗaya sai ya haifo shi."

"Inna, lafiyarki ƙalau? Kin ci abinci?"

"Ina bisa tabarma ana dama mani fura ta biyu. Ni duk yawona ban ga gari kamar Safo ba. Tunda yaron nan ya tafi kunnena ya huta. Amma ya zo kafin magariba, maganina na gida."

Salamatu ta sauko daga turmi, ta zauna bisa shi, ta share ido da bakin zane.

Kanta kuwa kafin ƙiftawar ido ya mayar da hula, ya karkata ta.

"Kin ji da kunnenki, Safo ta fi. Ashe zaɓena da na Gwaggo ɗaya ne. Ki gode mani, baiwata, yau na zagaya da ke gari uku ba ki zuba wa moto isansi, man fetur, ko na dala ba."

Ta ɗauki muciya. Ya ja da baya yana dariya, ya laluba aljihu ya fito da ƙunshin dawon fura, wanda ya ɓoye wa kansa tun Safo, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Na sallama. Yau ke ce uwargijiya, ni ne bawan. Amma iyakarta yau."

Salamatu ta karɓe, ta shinshina, ta soke shi a zane. Ta kwance buhu, ta rungume kaza, ta nuna mashi hanya da muciya.

"Kunne ya ji, jiki ya tsira, naka kuwa ado ne. Tashi ka ɗauko mani uwata tun da sauran rana. Kuma in ka ji an zungure ka, ka waiwaya. In ka ga fuka-fuki, ba ita ba ce."